Durƙuson Ɗan Turba

Tun da na ajiye aiki ƙafata ba ta zauna wuri ɗaya ba. In na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kafin shayi ya huce na naɗe ta na koma gindin dogonyaro, can ma ba na daɗewa. Maiɗakina takan leƙo ta ce, "Malam, ko dai kujerar gidan rediyon ce ke kiranka?" Nakan yi dariya in ce mata tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ba kuma kujera ba ce. Wani kaset ne da ke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, da wani mutumin Turba da na ɓata wa suna.

Ni haifaffen Unguwar Lalle ne. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, shi ma da ƙyar na ƙarasa. Abin da Allah ya ba ni baki ne. Idan kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, aka buga gangar kokawa a Sabon Birni, nakan tsaya bayan makaɗa ina ba waɗanda ba su samu gaba ba labarin abin da ke gudana a fili. Tsofaffi da guragu da masu talla su kewaye ni, ina faɗa suna shewa, kamar su ne a sahun farko. Wata rana wani ma'aikacin gidan rediyo daga Sakkwato ya zo ɗaukar kiɗa, ya tsaya kusa da ni yana saurare. Can sai ya miƙo makirfo bakina ya ce, "Ci gaba, kada ka dube ni." Na ci gaba. Ta haka na shiga aikin da na tsufa a cikinsa.

Shirina na ranar Asabar ne, bayan la'asar. Sauran kwanakin ina kan hanya, rikoda rataye a kafaɗa, aljihu cike da batir da kaset. Duk inda na ji ana kokawa ko dambe ko ƙwallon samari, can za ni kwana. In ɗauko muryoyi, in koma Sakkwato, in zauna gaban makirfo in yi ta zance, in karanta wasiƙun masu saurare. Na gane da wuri cewa mutane ba sakamako suke nema a wurina ba, don kafin Asabar kowa ya riga ya ji wanda ya kayar da wani. Tsokana suke so. In taɓa mutanen Isa, wasiƙu su zo daga Isa. In juya in taɓa na Sabon Birni, su ma su aiko da nasu. Ni kuma ina tsakiya ina jin daɗi.

A shekarun nan akwai 'yan kokawa biyu da babu mai ja da su a duk yankinmu. Ɗaya ɗan Tsamaye ne, ta ƙasar Sabon Birni, gajere mai faɗin ƙirji, in ya kafa ƙafa sai ka ce turmi aka binne. Ɗayan ɗan Turba ne, ta ƙasar Isa, dogo siriri, ya ɗan gaza wancan a shekaru, hannuwansa kamar igiyar rijiya. Haka nake kiransu a shiri, ɗan Tsamaye da ɗan Turba, ban taɓa damuwa da wani suna ba. Kowannensu ya kayar da duk wanda aka kawo masa, har da na tsallaken iyaka daga Nijar. Amma su biyun ba su taɓa kama juna ba. In ɗaya ya shiga fili, ɗayan yakan zauna. Mai hankali da ya tambayi dalili. Ni ban tambaya ba. Na ga abin da zai cika mini shiri.

Asabar bayan Asabar nake hura wutar. "Mutanen Isa, ina naku? Ko sai na Tsamaye ya tafi ban ruwa yake fitowa?" Mako na gaba in juya: "Mutanen Sabon Birni, naku gajere ne, ko hango na Turba ba ya iyawa." Har makaɗa suka ɗauki zancen suka sa a ganga. Masu shirya wasa suka ga jama'a ta matsa, suka sa rana a Sabon Birni.

Ban taɓa ganin fili ya cika kamar ranar ba. Mutane a kan katanga, a kan motocin ɗaukar kaya, a kan rassan itace. Aka gama ƙananan wasanni, rana ta yi sanyi, makaɗa suka soma kirarin manya. Ɗan Tsamaye ya fito da layunsa a damtse, ya tsaya tsakiyar fili, bai yi rawa ba, bai ɗaga hannu ba. Ɗan Turba ya taso daga nasa gefen yana tafiya a hankali. Na ɗaga makirfo ina ihu. Da ya iso gaban abokin karawarsa, sai ya durƙusa. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, wanda a dokar kokawa faɗuwa ce. Ya ɗan jima a haka, kansa a sunkuye. Ɗan Tsamaye ya kama kafaɗarsa ya tashe shi. Ɗan Turba ya juya ya fita daga fili, bai dubi kowa ba.

Filin ya kaure. Samari na jifa da takalma, mutanen Isa na rantse-rantse. Na lura da wasu dattawa a gaba da ba su ce komai ba, ɗaya ma yana gyaɗa kai. Na gan su sarai. Taku goma ne tsakanina da su. Amma motar Sakkwato na shirin tashi, zancen da za ni yi ya riga ya haɗu a kaina, na kuma ji daɗin yadda ya haɗu.

Ranar Asabar na ce, "Jama'a, mun je kallon kokawa, sai muka tarar da raƙumi. Kun san raƙumi, ga tsawo ga wuya, amma da ya ga mai kaya sai ya gurfana tun ba a ce masa ba. To, ga Raƙumin Turba." Har na kwaikwayi kukan raƙumi a makirfo. Mai kula da na'ura ya yi dariya har ya kifa kai a tebur. A makon nan wasiƙu suka cika kwali.

Mako biyu bayan haka ina kasuwar Sabon Birni, wurin masu goro, sai na ji an ja mini hannun riga. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da ƙwarya a ka.

"Kai na mai maganar rediyo?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Kunna abin nan naka. Ina da magana, kuma so nike a ji ta inda anka ji taka."

Na ɗauka waƙa za ta yi, ko ta gaida 'ya'yanta, don haka tsofaffi kan yi. Na sa sabon kaset na danna. Ta sauke ƙwaryar, ta gyara tsayuwa, ta ce ita ce mahaifiyar ɗan Tsamaye. Ta ce a Turba ta yi aurenta na fari, can ta haife shi. Yana goye sai maƙwabciyarta ta haihu, ciwo ya kama ta, nono ya ƙi zuwa. Ita ta ɗauki jaririn ta haɗa da nata, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har ya yi wayo. Daga baya ta koma Tsamaye da ɗanta.

"Nono ɗaya sunka sha," ta ce. "Ɗana wansa na. Ƙane ba shi kai bayan wansa ƙasa a gaban jama'a, in dai an yi mai tarbiyya. Kun matsa musu, kun hana su sakat, shi ko ya zo ya ba wansa girma ya tafi. Shi na kaka kira raƙumi? Ka ji tsoron Allah, ɗana. Ka sa wagga magana, mutane su ji."

Na ce mata za ni sa, Asabar mai zuwa. Na rantse mata. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige cikin kasuwa.

Asabar ta zo, kaset na aljihuna. Na zauna gaban makirfo, kwalin wasiƙu a gefena, kowace wasiƙa da zancen raƙumi. Na ce a raina bari in karanta biyu tukuna. Biyu suka zama goma, lokaci ya ƙare. Na ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa na ce ai zancen ya soma sanyi, tayar da shi zai ƙara masa ciwo. Wannan ƙarya ce na yi wa kaina, na kuma san ƙarya ce tun a lokacin. Gaskiyar ita ce, in na sa muryar tsohuwar, duk wanda ya yi dariya zai gane ni ne ban san al'adar garinmu ba, ni da ake cewa babu wanda ya san kokawa kamata. Na zaɓi a ci gaba da yi masa dariya da a yi mini ta yini ɗaya.

Ɗan Turba bai sake shiga fili ba. Na ji an ce in ya ratsa kasuwa samari kan yi masa kukan raƙumi daga bayan rumfuna. Na ji ya bar gona a hannun danginsa ya tsallaka Nijar yana fatauci. Ɗan Tsamaye ma bai daɗe ba ya daina. Sau ɗaya muka haɗu da shi a tasha, na yi masa sallama, ya amsa kamar yadda addini ya ce, ya kau da kai.

Ni kuwa aiki ya ci gaba da yi mini kyau. Kaset ya wuce, wasiƙu suka ƙare, aka koma kiran waya kai tsaye. Samari suka koma gidajen kallon ƙwallon Turai, ni ma na koyi sunayen da harshena ke tuntuɓe a kansu, ana yi mini dariya ina ramawa. Amma sunan nan bai mutu ba. In wata ƙungiya ta saki jiki aka zura mata ƙwallaye, sai mai kira ya ce, "Baba, yau sun yi Raƙumin Turba!" Waɗanda ke faɗa ba a ma haife su ba ranar da aka yi abin. Ni kuma in yi 'yar dariya in ce, "Mai kira na gaba." Kowane lokaci sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, in sha ruwa ya wuce.

Da na ajiye aiki sai ya daina wucewa. Babu makirfo, babu mai kira na gaba. In na ɗaga hannu za ni yi kabbara sai in ga mutum durƙushe ya dafa ƙasa. Na yi ta tambayar direbobi da fatake har wani ya ce mini ya dawo gida, yana da rumfar dabino a kasuwar Isa.

Maiɗakina ta ce, "Da wagga hanya? Mutane na gudowa, kai kana tafiya?" Gaskiyarta. Yanzu, saboda 'yan bindiga, ba a shiga hanyar nan sai rana ta ɗaga, ba a kuma bari la'asar ta same ka a kanta. Filayen da na sani cike da jama'a duk sun zama ciyawa, an daɗe ba a buga gangar kokawa ba. Sau biyu ina zuwa tasha ina komowa gida. A na uku na ciro kaset, na goge tsohuwar rikodata, na sa mata sabon batir, na shiga mota. Duk tsawon hanyar babu mai magana, kowa idonsa a daji.

Na gane shi tun daga nesa, saboda tsawon. Ya rame, gemu ya yi fari, yana zaune a kan buhu yana auna wa wata mata dabino. Na jira ta tafi, na yi sallama. Bai ɗago ba ya amsa, sai da ya amsa ya tsaya cak. Muryar ya gane.

"A'a," ya ce. "Rediyo da kanta ta zo kasuwa. Zauna mana, Malam. Ko tsaye za ka yi kukan raƙumin?"

Maƙwabcin rumfarsa ya soma dariya, ya dube mu, ya haɗiye ta. Na tsuguna a gabansa. Duk maganar da na shirya a mota ta watse. Ni da na yi shekaru ina cika awa guda da zance, na rasa ta inda za ni fara. Na ce, "Na zo neman gafara ne. Na san dalilin durƙusonka. Na daɗe da sani."

"Tun yaushe?"

"Tun mako biyu bayan wasan."

Ya ɗauki dabino ɗaya ya juya shi a hannu, ya mayar. "Da ka ce jiya ka sani, da ya fi sauƙi."

"Na sani."

"To, gafarar wa kaka nema?"

Na ce, "Taka."

"Ni wa? Mi sunana?"

Na buɗe baki. Ɗan Turba ne ya zo mini, sai ɗayan sunan da na laƙa masa. Bayan su babu komai. Na yi shekaru ina cin abinci da labarin mutumin nan, na kore shi daga gonarsa, ban san sunan da aka yanka masa rago da shi ba.

"Ka gani," ya ce, ba da faɗa ba.

Sai na ciro rikodar na ajiye a kan buhu na danna. Ta yi ƙara, ta ja, sai ga hayaniyar kasuwar Sabon Birni ta shekarun baya, da muryar tsohuwar tana cewa, "Ya kama? To." Na ga hannunsa ya damƙe bakin buhu. Ta yi bayaninta kamar yadda na tuna. Amma akwai abin da na manta, don ban taɓa sake sauraron kaset ɗin ba tun ranar da na ɗauke shi. A tsakiyar maganar ta kira sunansa, har sau biyu, irin kiran da uwa ke yi wa ɗan da ta goya. Sunan yana ƙarƙashin gadona duk shekarun nan.

Da kaset ya ƙare ya ja bakin rawaninsa ya share fuska.

"Ta rasu ina Nijar," ya ce. "Ban samu jana'iza ba. Ashe ta je ta same ka."

"Ta je. Na yi mata rantsuwa za ni sa."

"To ba wurina kaɗai za ka nemi gafara ba. Ita ba ta nan balle ta yafe ma. Abin da ta ce ka yi, shi za ka yi. Ka sa shi inda ka sa wancan." Ya ɗaga yatsa. "Amma sharaɗi ɗaya. Kada sunan nan ya hito bakinka. Ko da cewa za ka yi ka yi kuskure da ka hwaɗe shi, kada ka hwaɗe shi. Jikokina na sauraren rediyo."

Na ce na ji. Ya ɗebi dabino ya zuba mini a aljihu, ya ce in tashi in kama mota tun rana na sama. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Wanda ya gaje ni a shirin mutum ne mai ilimi, ya yi jami'a, yana girmama ni. Da na gaya masa abin da nake so ya ce, "Baba, minti nawa?" Na ce goma. Gidan rediyon babu sauran na'urar kaset, sai da na kara rikodata a bakin makirfo ina riƙe da ita. Kafin in danna na yi bayani. Na ce akwai wani ɗan kokawa na Turba da ya durƙusa wa wansa a fili, na ce tsoro ne, alhali girmamawa ce. Na ce an gaya mini gaskiya na ɓoye ta saboda son kaina. Sau biyu tsohon sunan ya taso har bakin harshena, don ya saba da hanyar, na danne shi. Sannan na saki muryar tsohuwar, ta yi maganarta har ƙarshe, babu wanda ya katse ta.

Aka buɗe layi. Mai kira na farko wani dattijo ne daga Tsamaye, ya ce yana filin ranar, su sun sani, sun yi ta jiran in tambaye su. Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Na biyu matashi ne, da dariya a muryarsa.

"Baba, wai wannan shi ne Raƙu..."

"Dakata, ɗana," na ce. "Mutumin yana da suna."

Na faɗi sunan. Na sake faɗa a hankali, yadda tsohuwar ta kira shi, na haɗa da na mahaifinsa, wanda na tambaya a tashar Isa kafin in shiga mota. Yaron ya maimaita shi, ya ce Allah ya ƙara masa lafiya.

Ban san ko ya saurara ba. Ba shi da lambata, ni ma ban karɓi tasa ba. Bayan kwana tara wani direban Isa ya tsaya a ƙofar gidana, ya miƙo mini ƙullin dabino, ya ce mai rumfa ya ce a kawo, ya kuma ce in aika masa da kaset ɗin, don na uwarsa ne. Na shiga ɗaki na ɗauko, na haɗa da rikodar da sauran batir, na rubuta sunansa a takarda da hannuna na manna a kai.